Ƙofar katako ta kwaile, me zan shafa mata?

Tambaya: Salam Malam, ƙofar katakon gidanmu ta waje bara aka yi mata banish amma damina ɗaya duk ya kwaile ta yi fari fat, dan Allah me zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikis salam Hajiya. Ai banish a saman katako yake zama, rana ta gasa shi ya tsattsage sai ruwa ya shiga ƙarƙashi. Ki sa kafinta ya nemo stain na mai, wato man shafa wa katako kala, shi nutsewa yake cikin itacen kuma kalar da ke cikinsa ita ke tare hasken rana, mai duhu-duhu ya fi daɗewa. Amma fa sai an kankare tsohon banish ɗin tas da sanfefa, in ba haka ba ba zai shiga ba, kuma katakon ya bushe sosai. A shafa da buroshi a bi tsawon katakon, a goge rarar da tsumma, a bari ya kwana kafin shafi na 2. Ki tsaya a kan kafintan ya cire ƙofar ya shafe gindinta, nan ruwa ke shiga kuma nan kafintoci suke tsallakewa wallahi. Kar a yi da tsakar rana ko ranar ƙura. Tsumman kuma a jiƙa shi da ruwa, in aka dunƙule shi da mai yana iya kama wuta da kansa.