Amsa ga ƙanwarmu da ta yi tambaya kan "Black fatigue"

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da karatu. Kin ce tun zuwanki Amurka kike cin karo da kalmar nan a TikTok da X, wasu na faɗarta da ɓacin rai, wasu da dariya, har kin rasa wace ce ma'anarta. Na daɗe ina aikin jinya a ƙasar nan, ga abin da na sani.

Asalinta, gajiyar da baƙar fata ke ɗauke da ita ce saboda wariyar launi, irin wadda barci ba ya maganinta. Farfesa William A. Smith na Jami'ar Utah ya kira ta "racial battle fatigue" a 2003, yana kwatanta ta da halin sojan da ya baro fagen fama amma jikinsa bai daina ɗar-ɗar ba. A 2020, shekarar da ɗan sanda ya kashe George Floyd, baƙar fata ɗan Amurka, Mary-Frances Winters ta fitar da littafi mai suna Black Fatigue, daga nan kalmar ta bazu.

Ba sai an zage ki ba. Ki shiga ɗakin mara lafiya da kayan aikinki da katinki a ƙirji, ya dube ki sama da ƙasa ya ce a kira masa nas. Ki shiga kanti, ma'aikaci ya riƙa gyara kaya a duk layin da kika tsaya. Ni har yau ba na fita daga kanti sai da rasit a hannuna. Kowanne kaɗai ba ya kai a kai ƙara, kuma abin da ya fi cin rai ke nan: ki kwana kina tambayar kanki, shin launina ne ko ni ce mai saurin zargi? Jiki kuwa yana lissafi. Tun 1992 Arline Geronimus, mai bincike kan lafiyar al'umma, ta yi bayanin yadda wannan damuwa ke tsufar da jikin mata baƙaƙe da wuri, kuma alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna suna mutuwa sanadiyyar ciki da haihuwa kusan ninki uku na farare.

Dariyar da kike gani kuma, a 2025 ta yi ƙarfi. Sai a ɗora bidiyon faɗa a wurin cin abinci ko filin jirgi, a rubuta "Black fatigue" a ƙasa, ana nufin an gaji da baƙaƙen kansu. Wanda aka cuta shi ya koma abin gajiyarwa. Masu yin haka sukan ce da rashin tarbiyya suke, ba da launi ba. To me ya kawo launin cikin sunan? Laifin mutum ɗaya ake ɗora wa baƙaƙen Amurka sama da miliyan 40. Haka aka yi wa "woke", wadda a bakin baƙaƙe take nufin a zauna a farke kan zalunci, har jihar Florida ta sa ta a sunan doka a 2022 don taƙaita yadda ake koyar da batun launi. A ganina ba kuskuren fahimta ba ne. In an karɓe wa mutum sunan ciwonsa, an rage masa hanyar yin ƙorafi.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan uwanmu 'yan Afirka da ke tura irin waɗannan bidiyoyi suna cewa ai da baƙaƙen Amurka ake, ba da mu ba. Wallahi da mu ake. Amadou Diallo ɗan ƙasar Gini ne, a ƙofar gidansa a unguwar Bronx ta birnin New York 'yan sanda suka harba masa harsashi 41 a 1999, ba wanda ya tambaye shi asalinsa. Kuma gwagwarmayar mutanen nan ce ta share hanyar dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa irinmu ƙofa.

Saboda haka in kin ga kalmar, duba mai faɗarta da abin da ya ɗora ta a kai. A aji ko wurin aiki kuma kada ki tsaya a kanta, tunda yanzu kowa da yadda yake jin ta. Rubuta abin da ya faru, ranar, abin da aka ce da wanda ya gani, shi ake iya kai wa ofishin ɗalibai. Ki nemi ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe ta makarantarku ki shiga, ki kuma riƙa auna hawan jini ko da kina ganin ke yarinya ce.