Amsa ga Yaya a kan Bangayen Balin da Irin Zaman da Muke Yi a Cikinta

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da dukkan mutanen gida, na ga tambayarka game da hotunan da yara suka aika maka, inda ka lura cewa kusan duk bangon da suka tsaya a gabansa cike yake da zane da rubuce-rubuce, har ka yi fargabar ko a unguwar 'yan daba muka sami muhalli. Tambayarka tana kan hanya, domin wanda ya tashi yana jin labarin tsafta da tsarin Jamusawa ba zai zaci haka daga babban birninsu ba. Ka kwantar da hankalinka, unguwarmu ta masu zaman lafiya ce, kuma zanen yana da asali.

Asalinsa katangar nan ce da gwamnatin Jamus ta Gabas ta fara ginawa ranar 13 ga Agusta, 1961, wadda ta kewaye Balin ta Yamma tsawon kimanin kilomita 155, ta raba 'yan'uwa da maƙwabta har zuwa 9 ga Nuwamba, 1989. Ta ɓangaren gabas sojoji ke gadinta da bindiga, babu mai kusantar ta sai wanda ya sayar da ransa, amma ta ɓangaren yamma matasa suka mayar da ita allon faɗin abin da ke ransu. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Noir ya fara zana manyan kawuna masu launi a jikinta tun 1984. Da katangar ta faɗi, a 1990 masu zane 118 daga ƙasashe 21 suka taru a kan wani yanki nata mai tsawon kilomita 1.3 a bakin kogin Spree, suka cika shi da zane, kuma yana nan har yau da sunan East Side Gallery. Wanda ya fi tsaya mini a rai a cikinsu shi ne na 'yar ƙaramar motar mutanen Gabas, Trabant, tana fasa katangar tana fitowa.

Ka san yadda abin yake a Zariya, inda mai gida ne ke kiran magini ya yi masa dagi da sauran ado a fuskar zaure, domin mai wucewa ya san gidan wane ne. A Balin sau da yawa wanda bai mallaki gidan ba shi ne ke magana a bangonsa, kuma dalili a fili yake, tun da fiye da kashi 80 cikin 100 na gidajen garin na haya ne, kuɗin hayar kuwa kullum hawa yake. A Disamban 2014 an shafe wasu manyan zane guda biyu na wani ɗan Italiya da ake kira Blu da baƙin fenti a unguwar Kreuzberg, da yardar shi mai zanen, saboda ganin cewa masu gina gidajen tsada suna cin moriyar shaharar zanen yayin da haya ke korar talakawan unguwar. Ni a ganina wannan ya isa ya nuna maka cewa abin ba wasan yara ba ne.

Sai dai kada ka ɗauka duk abin da ke bango yana da daraja ko izini. Dokar Jamus ta ɗauki fesa fenti a kan kayan wani ba da yardarsa ba a matsayin ɓarnar dukiya, kuma hukuncinsa tara ne ko ɗauri har na shekara 2. Akwai inda aka keɓe wa masu koyo, kamar bangon Mauerpark, akwai kuma gidan baje kolin irin wannan zane, Urban Nation, da aka buɗe a 2017. Zane-zanen banza da ake yi a ƙofofin mutane da jikin jirgin ƙasa kuwa ƙazanta ne, ba ni da wani suna da zan kira su. Abin da iyaye a cikinmu ke nanata wa samari shi ne, wanda yake son zane ya tafi inda aka ba da izini, domin laifin da ɗan ƙasa zai biya tara ya wuce, baƙo yana iya tarar da shi a gabansa ranar sabunta takardar zama. Game da zanen abu mai rai, mutanenmu ba su zama baki ɗaya ba: wasu suna kawar da kai idan sun wuce, wasu suna tsayawa su duba, amma ba kasafai za ka ga irinsa a ɗakin da ake salla ba.

Abin da ya fi sauya zamanmu shi ne, duk wannan hayaniya ta bango da titi tana tsayawa ne a bakin ƙofa. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe doka ta hana damun maƙwabci da ƙara, ranar Lahadi kuma yawancin kantuna a rufe suke. Saboda haka taron suna ko walimar aure ba ya yiwuwa a gidan haya mai ɗaki biyu a hawa na huɗu. Ko dai a haɗa kuɗi a kama zauren taro, ko kuma idan lokacin zafi ne a nufi Tempelhof, tsohon filin jirgin sama da aka rufe a 2008, aka buɗe wa jama'a a 2010, wanda mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a a 2014 cewa ba za a yi gini a kansa ba. Akwai wurin da aka ware don gashin nama, nan ake shimfiɗa tabarmi a sauke tukwane, masallacin Turkawa na Şehitlik kuma yana gefen filin idan lokacin salla ya yi. A irin wannan zama ne za ka ji Hausar Kano da ta Damagaram da ta zangon Kumasi suna gauraya, domin mu ba mu da yawa, kuma wanda ya zo karatu da wanda ya biyo ta Libiya da teku kwano ɗaya suke ci. Layya ba a yanka ta a gida, shi ya sa kuke ganin muna aiko muku da kuɗin rago, mu kuma mu sayi nama wajen mahautan Turkawa da Larabawa.

Ka kuma tambaya ko muna shiga bukukuwansu. Babba a cikinsu shi ne bikin al'adu da ake yi a Kreuzberg tun 1996, a watan Mayu ko Yuni, inda kowace al'umma ke fitowa da kiɗanta da tufafinta da abincinta, dubban ɗaruruwan mutane suna kallo. Akwai masu ƙaurace masa a cikinmu saboda giya da shigar da ba ta dace ba, kuma ba na ganin laifinsu. Ni ina cikin masu kai yara da rana mu dawo kafin magariba, domin yaron da ya ga ana tafa wa ganga da babbar riga a tsakiyar Balin ba ya jin kunyar sa kayan gida zuwa makaranta. Ranar 3 ga Oktoba kuma, ranar haɗewar Jamus, masallatai da yawa suna buɗe ƙofa ga waɗanda ba Musulmi ba, su shigo su yi tambaya, mu ma mu zama masu masaukin baƙi.

Akwai rubutun titi da ya shafe mu fiye da kowane zane, wato allunan sunaye. A unguwar Wedding akwai titunan da ke ɗauke da sunayen Togo da Kamaru da Gana, kuma akwai dandalin da ya daɗe da sunan Gustav Nachtigal, mutumin da ya isa Kukawa a 1870 da kyaututtukan Sarkin Prussia zuwa ga Shehu Umar na Borno, daga baya a 1884 ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru. A shekarar ce aka buɗe taron da Turawa suka tsara rabon Afirka a nan Balin. Baƙaƙen fatar Jamus da ƙungiyoyinsu sun yi shekaru suna neman a cire sunansa, har a Disamban 2022 aka mayar da dandalin Manga-Bell-Platz, don tunawa da Sarkin Duwala ta ƙasar Kamaru da Jamusawa suka rataye a 1914, da kuma matarsa. Wasu mazauna unguwar sun ƙi amincewa har suka kai ƙara kotu, abin da ya ja aikin ya ɗauki shekaru, amma daga ƙarshe sabon sunan ya tabbata.

Ka gaida mini Inna da su Gwaggo. Allah ya sada mu da alheri.