Me Ya Sa Nagatif Ake Fara Cirewa?

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa nake matsa maka a kan wane kan batirin mota za ka fara kwancewa, alhali wutar batir bolt 12 ce kawai, ko ka dafa kawunan biyu da hannu ba za ta ja ka ba. Ka ce kuma ka ga masu cire duk wanda ya fi kusa da hannunsu, ba abin da ya same su. Na ji daɗin tambayar, don na fi son ka san dalili da ka riƙa bi na ido rufe.

Gaskiyarka, bolt 12 ba ya jan mutum. Sai dai ba jan ne abin tsoro ba. Batirin da ke iya juya inji yana sakin amfiya ɗaruruwa a lokaci guda idan ya samu hanya. Dubi baƙar wayar da ta fito daga kan nagatif, ka bi ta da ido. Ina ta tsaya? A jikin mota aka ɗaure ta, da jikin inji. Ke nan duk ƙarfen da kake gani a ƙarƙashin bonet nagatif ne. To, ka ɗora sifana mai lamba 10 a kan fozitif alhali nagatif na haɗe, kana juyawa, sai gindin sifanar ya taɓa ƙarfe. Ka haɗa kawunan batir biyu kai tsaye ke nan, babu fis a tsakani. Tartsatsi zai tashi, sifanar ta manne a wurin, kafin ka fizge ta ta yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba. Idan kuwa da nagatif ka fara, ko sifana ta gogi jikin mota babu abin da zai faru, don gida ɗaya suke. Da zarar ka zare shi hanya ta yanke, sai ka kwance fozitif hankalinka kwance. Wajen mayarwa sai ka juya: fozitif farko, nagatif ƙarshe.

Shi ya sa nake sa ka cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka sunkuya a kan batir. Zobe in ya shiga tsakanin sifana da jikin mota, a yatsanka zai yi ja, kuma ba ka da lokacin zare shi.

Amma ƙuna ƙaramin abu ne idan aka gwada da ɗayan haɗarin. A cikin batir akwai ɗakuna 6, kowanne yana ba da kusan bolt 2.1, a cikinsu farantan dalma suna jiƙe a ruwa da asid. Lokacin da batir ke shan caji, musamman in ya kusa cika, ruwan nan yana rabuwa ya fitar da gas ɗin haidirojin. Ba ya da wari, ba ya da launi, kuma in ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ɗan tartsatsi kaɗan ya isa ya kama. Batirin da ya fashe yana watsa asid da ɓaraguzan roba, kuma ina fuskar mai aiki take a lokacin? A kansa daidai. Waɗanda ka ga suna yi yadda suka ga dama, sa'a ce ta yi musu rana, ba iyawa ba. Don haka tabarau a idonka, sigari da walda nesa da wurin.

Kafin ka taɓa komai, kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu, don akwai motocin da ke kulle ƙofofinsu da kansu idan wuta ta dawo. Tambayi mai motar ko rediyonsa na neman lambar sirri. Sabon batirin kuma ka gwada shi da tsohon: girma, adadin Ah da ke rubuce a jiki (ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa), da ɓangaren da fozitif yake. Kada ka dogara da launin waya, wataƙila wani ya canja ta kafin motar ta zo hannunka. Nemi alamar + da alamar −, kuma ka lura kan fozitif ya ɗan fi kauri. Haɗa batir a juye na daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙona dayod ɗin altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, wani lokaci har da kwamfutar motar. Motar da ke kashe injinta da kanta in an tsaya, batirin AGM ko EFB take so, kada ka sa mata na gama-gari. Wasu motocin ma sai an sanar da kwamfutarsu da na'ura cewa an sa sabo.

Ɗauke batirin a miƙe, kada ka karkata. Farin garin nan ko kore da ke taruwa a kawuna, ka wanke shi da hodar soda (baking soda) a ruwa, ka goge da buroshin waya har ƙarfen ya yi haske. Kan da bai shiga ba, sassauta notin ka buɗa shi, ban yarda ka buga da guduma ba, dukan na tsaga murfin a gindin kan. Ka ɗaure maɗaurin batirin, kar ka bar shi yana rawa a mazauninsa, girgiza na zubar da abin da ke jikin farantan.

Batun caji kuwa, fara da mita mai auna bolt. Batirin da ya huta ya nuna 12.6, a cike yake. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12 ya sauka sosai, kuma barinsa haka kwana da kwanaki shi ke kashe shi, don gishirin da ke kwanciya a kan farantan yana taurara ya ƙi narkewa. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada ka kai shi kusa da caja. Idan mai murafu ne, leƙa ka ga ko ruwa ya rufe farantan. In bai rufe ba, ƙara tataccen ruwa na batir kawai, iya abin da zai rufe su. Ba asid ba, ba ruwan famfo ba. Ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan.

A wuri mai iska za ka yi. Caja na kashe ka maƙala ja a fozitif, baƙi a nagatif, sannan ka kunna. In an gama, kashe ta tukuna, ka ɗan dakata, sannan ka cire. Ka ga dalili yanzu da kanka: lokacin cirewa ne gas ya fi yawa a kan batir, kuma cire maƙali caja na aiki tartsatsi ne. Ƙarfin cajin, kashi ɗaya cikin goma na Ah ɗin batirin ya wadatar: mai 60 Ah, amfiya 6. Na san mai mota zai tsaya a kanka yana duba agogo yana cewa a ƙara wuta. Ba shi haƙuri. Cajin gaggawa yana dafa batir ne, yana rage masa kwana. Riƙa taɓa gefensa, in ya yi zafi sosai, kashe ka bar shi ya huce.

Akwai ɗabi'u biyu da ba na so in gani a hannunka ko bayan ka bar wurina. Na farko, goga waya tsakanin kawuna don a ga ko batir na da wuta. Na biyu, zare kan batir inji na aiki don a gwada altaneta. Batir ne ke danne hawa da saukar wutar altaneta, in ka zare shi wutar na iya tsalle ta lalata kayan lantarkin motar. Mita ta ishe ka: ta da injin, ɗora ta a kawunan batir, in ka ga tsakanin 13.8 da 14.5 altaneta na caji. In adadin bai motsa daga inda yake kafin a tayar ba, to ba batir ne mai laifi ba, sabon ma zai mutu, sai ka koma kan bel da altaneta.

Asid in ya taɓa fatarka, ruwa mai yawa nan take. In ido ne, ka wanke da ruwa mai tsabta aƙalla minti 15 ba tsayawa, sannan a kai ka asibiti, ko da ka ji raɗaɗin ya lafa. Tsohon batirin kuma ka ajiye shi a miƙe inda yara ba sa zuwa, kada ka zubar da ruwansa a ƙasa, kada ka fasa shi don neman dalma. A miƙa shi ga masu karɓa don sake sarrafawa, hannunka kuma ka wanke da sabulu kafin ka kai shi baki.