Amsa ga mai son hawa Mont Blanc ta ɓangaren Italiya

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka: kana son hawa tsaunin Mont Blanc da ke kan iyakar Faransa da Italiya baɗi, amma ba ka son hanyar Goûter ta ɓangaren Faransa da kowa ke bi, kana neman wadda ba cunkoso. Na yi zaman karatu a birnin Torino na Italiya kafin in dawo gida Kano, kuma na bi ta ɓangaren Italiya tare da ɗan jagora, to ga abin da na gani.

Hanyar tana farawa daga kwarin Val Veny, kusa da garin Courmayeur. Za ka bi ta kan kogin ƙanƙarar Miage, wanda tsakuwa ta lulluɓe har ba ka gane ƙanƙara kake takawa, ka haura masaukin Gonella a tsayin mita 3,071. Daga nan ake tashi wajen tsakar dare, a ratsa kogin ƙanƙarar Dôme, a hau doron Piton des Italiens, a haɗe da masu zuwa daga Faransa wajen Dôme du Goûter, sai ƙololuwa, mita 4,800 da ɗoriya. Ta nan Achille Ratti ya sauko a 1890, kafin ya zama Fafaroma Pius na 11.

Rashin mutanen da ya ba ka sha'awa shi ne kuma wahalar hanyar. Inda jama'a ke bi, sawu a shate yake, labari kuma sabo ne kullum. A nan kuwa, dusar ƙanƙara ta kwana ɗaya ta isa ta shafe sawu, kuma abin da ka karanta a intanet ƙila labarin bara ne. Kogin Dôme cike yake da tsagogi masu zurfi, dusar da ta rufe bakinsu ita ce gadar da ake takawa. Idan zafi ya kankama, sai gadojin su rufta, shi ya sa aka fi bin hanyar a watan Yuni zuwa farkon Yuli. Da dare ƙasa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙarafunan takalmi, ka haska fitilar goshi gefe ka ga baƙin rami taku biyu daga inda kake. A dawowa, rana ta ɗaga, wurin nan da ya ɗauke ka sai ka ji ƙafa ta nutse har gwiwa. Don haka kai da ɗan jagoranka ku tsayar da lokacin juyawa tun kuna masauki, in ya cika ku juyo ko da kuna hangen ƙololuwa. Kuma kafin ka biya kuɗin komai, a kira mai kula da Gonella a tambaye shi halin da ƙanƙarar take ciki. Maganarsa ta fi ta kowa a wannan zauren, har da tawa.

Sai maganar jiki. Kano ba ta kai mita 500 ba. Hawa Dala da Goron Dutse da jaka a baya yana gina ƙafa, amma ba ya saba maka da ƙarancin iska. Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, wato ko masaukin da za ka kwana bai kamo ba. Ka fara da tsaunin Gran Paradiso na Italiya mai mita 4,061, can za ka koyi tafiya cikin igiya da riƙon gatarin ƙanƙara, ka kuma ga ko ciwon kai da tashin zuciya za su kama ka.

Ɗan jagora ba zaɓi ba ne a wurinka, dole ne. Ƙungiyar jagororin Courmayeur tana nan tun 1850. Ka duba inshorarka ta ƙunshi ceto da jirgi mai saukar ungulu, don ta biza kaɗai ba lalle ta ɗauki hawan tsauni ba. Lambar gaggawa 112 ce.

Lokacin kama gado a masauki ka sanar da su ba ka cin alade, in ba haka ba miyar dare za ta ba ka mamaki. Kilishi kuwa ka bar shi a gida, ba a shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama, dabino ya wadatar. Ka gaya mana wane wata kake da hutu, don in Agusta ne, gara mu canza maka tsauni.