Tausar Tafin Ƙafa ga Matafiyi: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Na je Guangzhou sayen kaya, bayan mun gama kasuwa muka shiga yawon buɗe ido, har ƙafata ta ƙi takuwa. Na shiga wani shagon tausa da ya manna hoton tafin ƙafa an raba shi gida-gida, an rubuta hanta, ƙoda, zuciya da sauransu. Da mai tausar ya danna wani wuri na ji zafi, sai aka fassara mini cewa wai ƙodata ce ba ta da lafiya. Na ji daɗin tausar, amma maganar ta tsaya mini a rai. Gaskiya ce?
*Wani ɗan kasuwa daga Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, babu wanda zai iya gane ciwon ƙoda ta hanyar danna tafin ƙafa. Lafiyar ƙoda da gwajin jini da na fitsari ake sanin ta. In kana da hawan jini ko ciwon suga, ko ka ga fitsarinka na kumfa sosai, ka je a yi maka waɗannan gwaje-gwajen ko da ba ka taɓa shiga shagon tausa ba.

Abin da aka yi maka shi ake kira rifleksoloji. Mutanen Sin da Tailan da Indiya sun daɗe da tasu tausar ƙafa ta gargajiya, amma taswirar da ka gani ta samo asali ne daga Amurka. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro, William Fitzgerald, ya fitar da littafi a 1917 inda ya raba jiki zuwa layi goma daga kai zuwa yatsun ƙafa, ya ce danna wani wuri a layi yana rage zafi a wani wurin da ke kan layin. A shekarun 1930 wata mai aikin gashin ƙashi, Eunice Ingham, ta tattara wannan tunani ta ɗora shi a kan ƙafa. A taswirarta yatsu su ne kai, tudun da ke ƙarƙashin yatsu shi ne ƙirji, tsakiyar tafi kayan ciki, gefen ciki na ƙafa kuma ƙashin baya. Hanta tana ƙafar dama, zuciya ta fi karkata ta hagu.

An gwada wannan da'awa. A 2009 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwaje 18 da aka yi a kan marasa lafiya, ya kammala da cewa ba su nuna rifleksoloji na warkar da wata cuta ba. Binciken da gwamnatin Ostareliya ta fitar a 2015 ma bai sami tabbatacciyar hujja ba. Kai, su kansu taswirorin ba su yi ittifaƙi ba, wurin da wata ta kira saifa wata ta ba shi wani suna.

Daɗin da ka ji kuwa na gaske ne, kuma yana da dalili. Kowace ƙafa tana da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33, da wata faffaɗar jijiya mai kauri da ta tashi daga diddige zuwa gindin yatsu, ita ke riƙe bakan tafin. Yawon buɗe ido ya fi tafiyar sauri wahalar da su, domin taku ne kaɗan sai tsayuwa, a kan daɓen siminti ko tayil. Naman sha-raɓa shi ke tura jini sama duk lokacin da ka ɗaga diddige, in tsayuwa ta yi yawa sai jini da ruwa su taru a ƙasa. Shi ya sa takalmin da ya yi maka daidai da safe yake matse ka da magariba. Tausa tana sassauta naman da ya ɗaure, tana taimaka wa ruwan ya koma, ga kuma zama na rabin awa da mutum ya samu. Inda ka ji zafin nan, mafi kusa shi ne nama ne da ya gaji.

Tambaya: Ni da maigida za mu Istanbul da yara, an ce mana akwai tafiyar ƙasa da hawa da gangara da yawa. Yaya zan yi masa wannan tausa a masauki, shi ma ya yi mini, ba sai mun biya kowa ba?
*Wata uwargida daga Kaduna*

Amsa: Hajiya, wannan ita ce tambayar da muka fi so, domin hannun gida ya isa. Ki tanadi kusan minti 50, tawul biyu, filo biyu, da mai: man kaɗanya, man zaitun ko man kwakwa. Ki yanke farcen babban yatsanki tun kafin a fara.

Kada ki fara da tausa kai tsaye. Ya kwanta rigingine ya ɗora ƙafafunsa a kan filo ko ya jingina su da bango su fi ƙirjinsa tsawo, minti 15. Wannan kaɗai yana rage nauyin da yake ji. Sannan a jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi na minti 10, ɗumin da gwiwar hannunki za ta zauna a ciki ba tare da kin janye ba. Mutane da yawa suna zuba ruwa mai zafi sosai suna ganin ya fi, alhali zafi yana buɗe hanyoyin jini ya ƙara kumburi. In ƙafar ta kumbura kuma tana huci, ruwan sanyi ya fi mata. A tsane ta sosai, musamman tsakanin yatsu, sai ki duba ta da haske: bororo, yanka, faso mai jini, farcen da ya shige nama. Duk inda kika ga ɗaya daga cikinsu, ki kewaye shi.

Ki zauna ki ɗora ƙafarsa a cinyarki bisa tawul. Rabin ƙaramin cokali na mai ya ishi ƙafa ɗaya. In ya fi haka yatsanki zai riƙa zamewa, ki kasa danna komai. Ki murza shi a tafin hannu ya yi ɗumi, ki shafa daga yatsu zuwa idon sawu da hannu biyu, sau goma, da nauyin hannu. Shafa sama-sama ita ke jawo cakulkuli, ya yi ta fizge ƙafa. Daga nan ki tallafi diddige da hannu ɗaya, ki kama gaban ƙafar da ɗayan, ki juya ta a hankali sau biyar dama, sau biyar hagu.

Yanzu sai aikin babban yatsa, wanda shi ne abin da ya fi amfani a cikin abin da masu rifleksoloji ke koyarwa. Ki ɗora naman yatsan a kan tafin, ki lanƙwasa gaɓar farko ki danna, ki ɗan miƙe ta ki matsa gaba kaɗan, ki sake lanƙwasawa, kamar tafiyar tsutsa. Yatsan ba ya barin fata, kuma gaba kawai yake yi. Sauran yatsun huɗu suna bayan ƙafar suna tokare ta. Ki bi layi biyar daga diddige zuwa gindin kowane yatsa, kowane layi sau biyu. Sannan ki ratsa tudun ƙarƙashin yatsu daga gefe zuwa gefe, domin nan ne nauyi ke sauka a gangara. A ƙasan tudun, daidai tsakiya, akwai ɗan kwari; ki danna shi ki riƙe har ya ja dogon numfashi sau uku. Diddige fatarsa na da kauri, babban yatsa zai gaji a kansa, don haka ki dunƙule hannu ki murza da gaɓoɓin yatsu. Kowane ɗan yatsa ki kama shi daga gindi, ki murza, ki ja shi a hankali. Ba a neman ya yi ƙara.

Kada ki tsaya a idon sawu. Wani ɓangare na gajiyar da ake ji a tafi daga sha-raɓa yake, don haka ki kama naman da hannu biyu ki matsa daga ƙasa zuwa sama, minti biyu. In akwai jijiyoyin da suka kumbura suka murɗe a fatar, ki bi ta kansu da shafa kawai, ban da dannawa, haka kuma kwarin bayan gwiwa. Minti 10 zuwa 12 ya ishi kowace ƙafa.

Game da ƙarfi, ki riƙa tambayarsa. In ana auna zafi daga 1 zuwa 10, a tsaya tsakanin 4 da 6. Da zarar ya riƙe numfashi ko ya naɗe yatsu, kin wuce. Bayan an gama ki goge man tas, musamman tsakanin yatsu inda damshi ke jawo ƙaiƙayi da ruɓewar fata, kuma ya sa silifas kafin ya taka tayil ɗin banɗaki. Santsin mai a kan tayil ya fi duk wani abu a cikin wannan aiki haɗari.

In mutum shi kaɗai ne, ya sa gorar ruwa a firji ta daskare, ya sa safa mara kauri, ya mirgina gorar ƙarƙashin tafi na minti biyar zuwa goma yana zaune.

Tambaya: Zan raka mahaifiyata Umara, kuma tana son zuwa wuraren ziyara a Madina. Tana da ciwon suga fiye da shekara goma. Zan iya yi mata wannan tausa da dare?
*Wani matashi daga Zariya*

Amsa: Allah ya saka maka da alheri, Malam, ya kuma karɓi ibadarku. Za ka iya, amma ƙafar Hajiya ba irin ta kowa ba ce. Suga da ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji tun daga yatsu, ta yadda za a iya ƙona ta ko a ƙuje ta ba ta sani ba, kuma rauni ba ya saurin warkewa. Kafin tafiya ka kai ta likita ya gwada jin ƙafarta da bugun jinin da ke cikinta.

A can, dubawa ta fi tausa muhimmanci. Kowane dare ka duba tafin, diddige da tsakanin yatsu. Tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, bakwai ɗin sun haura kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiya daga masauki, kuma yawanci ba takalmi. Ka tanadar mata safa mai kauri mai hana santsi, ko ka ɗaukar mata keken turawa. Takalmanta su kasance a jaka a hannunka, domin wanda takalminsa ya ɓace a ƙofar masallaci ya taka kwalta da rana yana iya ƙonewa, mai suga kuwa ba zai ji ba sai fata ta tashi.

Tausarta shafa ce mai sauƙi daga yatsu zuwa gwiwa, minti biyar kowace ƙafa. Ban da murzawa da gaɓoɓin yatsun hannu, ban da dannawa da sanda, ban da gorar ƙanƙara, ban da jiƙawa a ruwa. A wanke da ruwan da kai ka gwada, a tsane. Mai ya tsaya a tafi da diddige. In tana cikin harami a nisanci mai mai ƙamshi, ya fi sauƙi a yi da busasshen hannu har ta sauke. Bororo kada a fasa shi, a rufe da filasta mai tsabta. In ka ga ja yana yaɗuwa, ko ruwa na fita, ko wani yatsa ya yi duhu, a ranar za ku asibiti.

Tambaya: Kwana uku da saukata daga jirgi, ƙafata ta hagu ta kumbura, sha-raɓar na ciwo kamar an ɗaure. Tausa za ta sauke shi?
*Wata mai karatu daga Maraɗi*

Amsa: 'Yar'uwa, kada kowa ya taɓa wannan ƙafa, ki je asibiti yau. Kumburin gajiya ƙafa biyu yake kamawa, kuma yakan sauka bayan barcin dare. Kumburin ƙafa ɗaya da ciwon sha-raɓa, musamman in wurin ya yi ɗumi ko ya canza launi, yana iya zama gudan jini ne ya toshe babbar jijiya ta ciki. Tausa na iya ɓalle shi ya tafi huhu, wannan kuwa yana kisa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna zama na awa huɗu ko fiye a jirgi ko mota yana ninka wannan haɗari, kuma yana ɗaukar makonni kafin ya sauka. Ya fi yawa ga masu ciki da masu jego, masu shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, masu ƙiba, da waɗanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Da hoton sikanin ake gane shi, kuma yana da magani. In numfashi ya fara yi miki wuya, ko ƙirji na suka, ko kin yi tarin jini, a kai ki sashen gaggawa nan take.

Tambaya: A Bankok na ga masu tausa suna danna ƙafa da wata 'yar sanda, suna cewa sai ya yi zafi yake aiki. In yarda?
*Wani malamin makaranta daga Sakkwato*

Amsa: Malam, kada ka yarda da zafin da ke sa ka cije baki. Sandar tana cikin salon tausar Tailan, kuma a hannun gwani ba ta cutarwa, amma duk ƙarfin yana taruwa a ɗan ƙaramin wuri. A kan ƙafar da ta wuni tana tafiya, sai ta bar kwanciyar jini, washegari ka kasa taka ta. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ya ce a ajiye ta tun farko. Ka nuna da hannu a rage ƙarfi, in ba a rage ba ka janye ƙafarka.

Kafin ka zauna ka duba ko ana sauya ruwa da tawul ga kowane mutum, ka yi ciniki a kan kuɗi da minti, ka kuma nemi namiji ya yi maka. Uwargida ta nemi mace. Mai tausar kirki zai tambaye ka ciwon suga, rauni ko magungunan da kake sha. Mai ciki ta sanar da su, ta tsaya ga tausa mai sauƙi.

Akwai ciwo iri biyu da shago ba zai yi musu komai ba. In diddige na sukar ka a takun farko na safe sannan ya lafa bayan ka ɗan zagaya, faffaɗar jijiyar nan ta tafin ƙafa ce ta wahala: ka dafa bango, ka miƙe ƙafar baya diddige na ƙasa, daƙiƙa 30 sau uku, safe da yamma, ka daina tafiya da silifas mai faɗi mara tudu. In kuwa zafin yana wuri ɗaya tak a bayan ƙafa, a kan ƙashi, yana ƙaruwa da kowane taku har da ɗan kumburi, ƙashin ne mai yiwuwa ya tsage saboda yawan tafiya. Ka dakatar da yawon, ka nemi a ɗauki hoto.