Tambaya da Amsa: Wane kwaɗo ne zai tsare min keken lantarkina?

Jama'a barkanmu da war haka. Wannan makon saƙonni sun taru a kan magana ɗaya, wato satar keke mai batir, sai na ce bari in zaɓo uku in amsa su gaba ɗaya, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri, amsarsu tana ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Wata biyu da suka wuce aka sace min keken lantarkina, na shiga wani ofis zan karɓi takarda ko minti ashirin ban yi ba, ina fitowa sai wayar da nake ɗaure shi da ita na tarar a ƙasa an datse ta kamar igiyar shanya, wlh tsayawa na yi ina kallonta na rasa abin cewa. Kuma fa waya ce mai kauri ta kai babban yatsana, wanda ya sayar min har rantsuwa ya yi wai ba ta yankuwa. Yanzu Allah ya hore min na sayi wani keken amma tsoron fita da shi nake, wane irin kwaɗo zan saya?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri, ya tona asirinsu. Kaurin nan da ka gani a jikin wayar, yawancinsa roba ce. Da ka duba bakin inda aka yanke da kyau zaka ga siraran wayoyi ne aka tufka su kamar igiya, kuma almakashin yanke ƙarfe ɗan ƙarami wanda zai shige aljihun wando yana cinye su cikin daƙiƙu, ba ƙara ba komai, mutum zai duƙa kamar yana ɗaure takalmi ya miƙe da kekenka. Don haka wayar nan ka cire ta daga lissafi, in kana da wata a gida ka bar ta don ɗaure sirdi ko hular kwano.

Abu biyu ne suke da amfani a wurinka. Na farko kwaɗon nan mai lanƙwasa kamar harafin U, wanda ake zura ƙafafunsa biyu a cikin wani guntun ƙarfe a kulle. In zaka saya ka tambayi kaurin ƙarfen a milimita, a rubuce yake a jikin kwalin. Mai kauri 13 zuwa ƙasa babban almakashi mai dogon hannu na iya cin sa, amma daga 16 zuwa sama almakashin hannu ya kan gaza. Sannan ka duba wanda yake kama ƙafafun duka biyu in an kulle, domin wanda ke kama ƙafa ɗaya kawai yanka ɗaya ake masa a murɗa shi ya buɗe, mai kama biyu kuwa sai an yanka shi sau biyu, aikin ɓarawo ya ninka kenan.

Na biyu sarƙa, amma ba irin wadda ake ɗaure ƙofa ko dabba da ita ba, wannan ƙarfenta laushi gare shi zarto ma ya ishe ta. Akwai wadda aka yi musamman don kekuna da babura, an gasa ƙarfenta ya yi tauri, yawanci a cikin rigar yadi take don kar ta kankare fenti, kaurin zobenta ya kai milimita 10 ko fiye. Amfaninta ga keken lantarki shi ne firam ɗinsa, wato gangar jikin keken, yana da kauri saboda batir, wani lokacin kwaɗon U ba ya iya haɗa firam da turke, sarƙa kuwa zagayewa take yi ko da turken ya yi ƙiba. Sai dai ka kula, sarƙa mai kyau da kwaɗon banza an yi ba a yi ba, ɓarawo kwaɗon zai nufa kai tsaye.

Kada ka sake yarda da rantsuwar mai sayarwa, ka nemi hatimin masu gwaji. A Ingila akwai Sold Secure, su aikinsu kenan su sa kayan aiki su fasa kwaɗo su ga iya juriyarsa, sai su ba shi daraja daga Bronze, Silver, Gold har Diamond. A Holan kuma akwai ART masu ba da taurari daga 1 zuwa 5. Keke mai batir ni dai ba zan sa masa ƙasa da Gold ba, ko tauraro 2 na ART. Lambar da kamfani ya ba wa kansa, irin su 9 cikin 10 ɗin nan, tsakanin kayansa kawai take aiki, ba za ka gwada ta da ta wani kamfanin ba. Masu keke suna da wani ƙiyasi da suke yi, wai ka kashe kamar kashi 10 cikin 100 na kuɗin keken a kan kwaɗo, kuma gaskiya ba su yi ƙarya ba, araha ba ta ado.

To amma bari in faɗa maka abin da mai shago ba zai faɗa ba. Yanzu ɓarayi suna yawo da injin yankan ƙarfe mai batir, irin na masu walda, a cikin jakar goyo, kuma kwaɗon U na gama-gari komai kaurinsa ba ya jure masa fiye da ɗan lokaci. Akwai waɗanda aka yi don cinye faifan injin, kamar Hiplok D1000 da Litelok X1, suna da tsada kuma su ma jinkiri suke sawa, amma jinkirin nan shi kake saya da kuɗinka, domin injin yana ƙara yana tartsatsin wuta, kowane minti ɗaya da ya ƙaru a bainar jama'a ɓarawo ji yake kamar shekara. Shi ya sa nake cewa ka haɗa iri biyu, U ɗaya sarƙa ɗaya, in ya leƙo ya ga aikin da ke gabansa sai ya ƙara gaba.

Sai yadda ake kullewa, nan ne mutane suka fi faɗuwa, har da ni. Shekarun baya da keken feda nake yawo, na zura kwaɗo mai tsada a tayar gaba kaɗai na haɗa da wani ƙarfe na tafi abina, na dawo na tarar da tayar nan tsaye ita kaɗai a kulle tsaf, kwaɗon ko ƙwarzane babu, sauran keken ya yi gaba, ashe tayar irin mai ɗan hannun nan ce da ake ɓallewa ba sai da sifana ba. Haka na ɗauko taya a kafaɗa ina tafe yara na kallona. Don haka firam ake kullewa, ka haɗa shi da tayar baya da turken a kwaɗo ɗaya, tayar baya kuwa a kekuna da yawa a cikinta injin yake. Kwaɗo na biyu ya kama tayar gaba da firam. Ka girgiza turken ka tabbata a kafe yake kuma ba gajere ba ne da za a ɗaga keken a zare ta sama. Kar ka bar fili da yawa a cikin U ɗin don suna cusa ƙaramin jak ɗin mota su buɗa shi, kuma kar kwaɗo ko sarƙa su kwanta a ƙasa, ƙasan ce ke ba su madogara su danna almakashi da nauyin jikinsu ko su sa guduma.

TAMBAYA: Yaya ina wuni, ni matsalata nauyi ce, keken kansa da kyar nake turawa in caji ya ƙare balle in ƙara sarƙa, ba wani mara nauyi da zan saya? Kuma batir ɗin yana da makullinsa ai, sai na cire shi kuma?

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Keken lantarki yawanci kilo 20 zuwa 30 ne, sarƙar kirki kuma za ta ƙara miki kilo biyu ko uku, amma ai injin ne zai ja, ke dai ki sa ta a kwando ko ki naɗe ta a ƙarƙashin sirdi, kar ki rataya ta a wuya ko a kan keken inda za ta faɗa cikin taya. In kullum wuri ɗaya kike ajiyewa, kamar wurin aiki ko makaranta, ki nemi izini ki bar sarƙar a kulle a jikin turken can, shi kenan kin huta da ɗauka. Akwai kuma mai naɗewa kamar ma'aunin kafinta, irin su Abus Bordo, yana da daɗin ɗauka, sai dai mahaɗansa su ne rauninsa, ya dace da tsayuwar minti biyar ko ya zama na biyu.

Batir kam ki cire. Yana cikin abubuwa mafi tsada a jikin keken kuma ɗan makullin da ke riƙe shi ba wani abin kirki ba ne, ana ɓalle shi da sukudireba. Keken da ba batir ma bai cika burge ɓarawo ba tunda sai ya taka da ƙafa kuma kuɗinsa ya faɗi. In allon da ke nuna caji yana zarewa shi ma ki jefa a jaka. Ga ƙarin riba, batir ba ya son zama a rana yana gasuwa.

TAMBAYA: Malam ni na saka AirTag, 'yar na'urar nan ta Apple mai nuna inda kaya suke, a cikin kekena da ƙararrawa mai ihu in an taɓa, ashe ban gama ba? Kwaɗon lamba nake amfani da shi don ina yawan yar da makulli.

AMSA: Da sauranka ɗan'uwa. AirTag ba ya hana ɗauka, sai bayan an ɗauke yake maka amfani, in ba ka yi sa'a ba ihu bayan hari. Shi ba GPS ba ne, da wayoyin Apple da ke kusa da shi yake aiko da labari, kuma an yi shi ne yadda zai sanar da wanda yake tare da shi cewa ana bin sa, ka ga ɓarawon ma zai iya sani. In ya nuna maka inda keken yake kar ka je kai kaɗai, ka tafi da 'yan sanda, a nan kuma za su nemi shaida, don haka yau ɗin nan ka kifa keken ka ɗau hoton lambar firam, yawanci tana ƙasa wajen da feda ke juyawa, ka adana rasit. Ƙararrawar ka bar ta, tana taimakawa in kana kusa.

Kwaɗon lamba mai araha ana gano shi da laluben yatsa, ka koma na makulli ka ajiye makulli na biyu a gida. In ka ci karo da tsohon kwaɗo mai zagayen makulli kamar bututu ka bar shi, tun 2004 aka nuna ana buɗe wasu na kamfanin Kryptonite irin wannan da gangar biro, har kamfanin ya canja wa mutane. Kuma ko a cikin gida ko gareji ka riƙa kulle shi a jikin wani abu da ke kafe, ka ɗan ɗiga wa ramin makullin mai lokaci-lokaci, musamman bayan ruwa ya dake shi, kar wata rana ya cije maka kai ne za ka koma neman mai injin yanka.