Amsoshin Tambayoyinku: Kyamara, Makirfo da Memorin Jabu

Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Mutum yana son ya fara ɗaukar bidiyon rayuwarsa ko na sana'arsa yana ɗorawa a intanet, sai ya tambaya me zai saya. Na zaɓi guda shida, na taƙaita waɗanda suka yi tsawo.

Tambaya: Malam, ni kafinta ne, ina son buɗe tasha a YouTube in riƙa nuna aikina. Abokina ya ce in ba ni da babbar kyamara kada ma in fara. Yayana ya yarda zai ranta mini kuɗin. Wace iri zan saya?

Amsa: Ƙanina, ka yi wa yayanka godiya, ka ce ya riƙe kuɗinsa tukuna. Ba a cin bashi a kan aikin da ko sau ɗaya ba a gwada ba. Kuma kyamara ba ita kaɗai take shigowa gida ba. Za ta nemi batir na biyu, ta nemi memori mai sauri, ta nemi kwamfutar da za ta iya tace abin da ta ɗauka. Kafin ka ankara rance ya haifi wani rancen.

Bidiyon farko da aka ɗora a YouTube, ranar 23 ga Afrilu, 2005, daƙiƙa 19 ne kacal. Jawed Karim ne, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka kafa dandalin, yana tsaye gaban giwaye a gidan namun dajin San Diyego ta Amurka, hoton ma dishi-dishi. Wayar da ka rubuto mini wasiƙa da ita ta fi abin da aka ɗauke shi da shi nesa ba kusa ba. Ka goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, domin yawancin hazon da mutane ke ɗora wa waya laifinsa maiƙon yatsa ne. Ka yi amfani da kyamarar baya, ta fi ta gaba. Ka fuskanci taga ko ƙofa, kada ka ba su baya, in ba haka ba fuskarka za ta zama inuwa. Ka jingina wayar ta zauna daram: a kwance in dogon bidiyo ne, a tsaye in na TikTok ne ko Shorts, wato gajerun bidiyon YouTube. A saitin ingancin hoto, ka bar ta a 1080p, kada ka kai ta 4K. Ɗigon hoton 4K ninki huɗu ne na 1080p, zai cika maka waya ya shanye maka data, alhali yawancin masu kallonka a ƙaramin allon waya za su kalla. Tacewa kuwa, CapCut a waya ko DaVinci Resolve a kwamfuta duk suna da na kyauta.

Ka yi bidiyo goma haka. A na goman za ka san da kanka abin da ya rage maka, ba abin da abokinka ya ce ba.

Tambaya: Malam, na ɗora bidiyo huɗu, amma kowa cewa yake ba ya jin maganata. Na sayi makirfo mai igiya, na jona, wayar ba ta ma san da shi ba. An cuce ni ne?

Amsa: Mai yiwuwa ba a cuce ki ba, 'yar'uwa. Ki dubi kan da ake sokawa, ki ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikinsa. Mai zobe biyu na kyamara ne, waya mai zobe uku take so. Akwai ɗan mahaɗi da ke mayar da wannan ya zama wancan, shi za ki nema, ba sabon makirfo ba. In wayarki ba ta da ramin abin sauraro sam, sai mahaɗin da ke shiga ta wurin caji.

Amma kin yi daidai da kika fara da sauti. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai rauni, ba ya haƙuri da muryar da ba ya ji. Ki maƙala makirfon a ƙirji, kamar taƙi ɗaya daga baki, kada mayafi ya riƙa gogarsa. Ki kashe fanka. Ɗaki mai labule da katifa ya fi ɗakin da ba komai a ciki sai bango, saboda amsa-kuwwa. Kuma ki ɗauki gwajin daƙiƙa goma ki saurara kafin ki zuba maganar minti ashirin.

Tambaya: Malam, don Allah ka taimake ni. Kwana uku na yi ina ɗaukar kakata tana ba da tarihin rayuwarta, don in fara tashata da shi. Na sayi memori mai 512GB a intanet, kuɗinsa bai kai rabin na mai 128GB da na gani a wani wuri ba. Yanzu sunayen bidiyon duk suna nan, amma in na taɓa sai a ce ba za su buɗu ba. Kakata ta tsufa, ba ta da lafiya sosai. Ko barci ba na iyawa.

Amsa: Sannu, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ta taɓa mini zuciya. Ga abin da za ki yi yanzu, kafin komai: ki cire katin daga waya, kada ki ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa, kuma in wayar ta ce a goge shi a sabunta, ki ce a'a. Ki sa shi a kwamfuta ki kwafe duk abin da ya yarda ya kwafu, sannan a bi shi da PhotoRec, manhaja ce ta kyauta da ke tono abin da ya maƙale. Wani ɓangaren zai iya dawowa. Amma ba zan ɓoye miki ba, da alama katin jabu ne da bai kai girman da aka rubuta masa ba, kuma duk abin da ya wuce ainihin girmansa ya tafi, domin tun farko ba a rubuta shi a ko'ina ba, ko kuma an rubuta wani a kansa. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi zai dawo miki da komai, kada ki ba shi. Abin da ya fi duk wannan muhimmanci, kakarki tana raye. Ki koma wurinta cikin makon nan da wayarki. Tsofaffi ba sa gajiya da mai son jin labarinsu, kuma sau da yawa faɗa ta biyu ta fi ta farko armashi.

Yanzu sauran masu karatu ku matso, domin wannan magana na daɗe ina yin ta kuma ba zan daina ba.

A cikin kowane memori akwai wani ɗan ƙwaƙwalwa da ke gaya wa waya girman katin. Waya ba ta aunawa, abin da aka gaya mata shi take yarda da shi. Masu jabu sai su ɗauko kati mai 8GB ko 16GB, su sauya abin da ƙwaƙwalwar ke faɗa, su buga 512GB a jikinsa, su sa shi cikin kwali mai sheƙi. Ka sa a waya, ta nuna maka 512GB. Ka ɗauki bidiyo biyu, ka buɗe, lafiya lau. Hankalinka ya kwanta. Sai ranar da ainihin wurin ya cika, daga nan duk abin da ka zuba zurarewa yake, amma sunansa da girmansa suna nan a jere kamar ba abin da ya faru. Muguntar ke nan. Takalmin jabu ranar da ya yage ka gani, ka yi asarar kuɗi kawai. Memorin jabu shiru yake yi har sai ka damƙa masa abin da ba ya maimaituwa.

Na taɓa riƙe irinsa a hannuna. Wani mai ɗaukar taro ne ya kawo mini, idonsa jawur, aikin yini guda ya salwanta kuma masu aikin suna jira. Na murza rubutun jikin katin da babban yatsa, fentin ya biyo ni. Da muka gwada, abin da aka rubuta wa 256GB bai kai 16GB ba. Amma kada ku dogara da fenti, domin akwai jabun da bugunsa ya yi kyau ƙwarai. Sunayen da aka fi amincewa da su, irin su SanDisk da Samsung da Kingston, su ne kuma aka fi kwaikwaya, saboda sunan ne ke sayar da kayan. Ganin suna a kwali ba hujja ba ce.

Hujja ɗaya ce: gwaji. A kwamfuta mai Windows akwai H2testw, a Mac da Linux akwai F3, duk kyauta. Suna cika katin maƙil, sannan su karanta abin da suka rubuta, su gaya maka nawa ne ya dawo daidai. Babban kati zai ci sa'o'i, ka bar shi ya kwana yana yi. In ba ka da kwamfuta, ka zuba manyan bidiyo har katin ya cika, ka cire ka mayar, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ka ja kowanne har ƙarshensa. Ka yi wannan ranar da ka saya, lokacin da mai kaya zai iya karɓar abinsa, kuma ka karɓi rasit. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar araha. In ka ga mai 512GB ya fi mai 128GB sauƙin kuɗi, ai an riga an gaya maka gaskiya, kai ne ka ƙi ji. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni gara mai 64GB na gaske da mai 1TB, wato kusan 1,000GB, na ƙarya. Ka duba alamar sauri kuma: U3 ko V30 na nufin katin ba zai gaza rubuta megabait 30 a daƙiƙa ba, U1 kuwa 10. Mai jinkiri yana sa kyamara ta katse ɗauka a tsakiyar magana. Filas ma haka ake yi masa wannan ha'incin, gwajin ɗaya ne.

Ko katin gaske yana mutuwa. Duk bidiyon da ke wuri ɗaya kawai, ku ɗauka yana bakin rijiya. A daren da kuka ɗauka ku kwafe shi zuwa wuri na biyu. In za ku tura wa wani ya ajiye muku ta WhatsApp, ku tura shi a matsayin fayil, domin in kun tura a matsayin bidiyo matse shi ake yi, ingancinsa ya ragu.

Tambaya: Wani ya ce zai sayar mini da mabiya dubu biyar cikin kwana biyu don in fara karɓar dala. In biya shi rabi ko duka?

Amsa: Ko sisi kada ka ba shi. Irin wannan tambaya tana ɓata mini rai, domin ba ka ce mini ko bidiyo ɗaya ka taɓa yi ba. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000, da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12, ko kallon Shorts miliyan 10 cikin kwana 90. Mabiyan saye ba sa kallo, to sa'o'in daga ina? YouTube tana share su, kuma dokarta ta ba ta damar rufe tashar ɗungurungum. Ko ka shiga tsarin da halaliyarka, sai kuɗinka ya kai dala 100 kafin a turo. Wanda ya shigo don albashin wata mai zuwa, ya nemi wani aikin.

Tambaya: Zan iya sa waƙar da nake so a bayan bidiyona in na rubuta sunan mawaƙin?

Amsa: A'a. Rubuta suna ba izini ba ne. Tun 2007 YouTube take da tsarin Content ID da ke gane waƙa da kansa, sai mai haƙƙi ya karɓe kuɗin tallan, ko ya toshe bidiyon. In kuma ya kai ƙorafi aka sauke bidiyon, gargaɗi ɗaya ke nan, uku cikin kwana 90 na iya rufe tasha. A cikin YouTube Studio, shafin da masu tasha ke sarrafa bidiyonsu, akwai rumbun sautuka na kyauta, ka ɗauka a can.

Tambaya: Malam, ina koyar da ɗinki, ina son in fara, amma da na kunna kyamara sai muryata ta kama rawa. Ina tsoron zagi, kuma ba na son fuskata ta yaɗu. Ko in haƙura?

Amsa: Kada ki haƙura, ƙanwata. Rawar murya kusan kowa ya yi ta, kuma kowa yana ƙin muryarsa ranar da ya fara jin ta a waya, domin ba haka take zuwa masa a kunne ba in yana magana. Mai koyon ɗinki hannunki yake son gani da bakin allura, ba fuskarki ba. Ki ɗaure wayar a sama tana kallon teburi, ki yi aikinki shiru, daga baya ki ɗora murya a kai cikin natsuwa. In kin yi tuntuɓen harshe, ki maimaita jimlar, ki yanke ta farkon. Ki riƙa magana kamar ɗalibarki guda ce zaune a gefenki.

Bidiyon farko ki ɗora shi a tsarin da sai mai adireshinsa ne zai gani, ki tura wa mutum uku da kika yarda da su. Sharhi kuwa a hannunki yake: kina iya rufe shi, ko ki sa a tsare kowanne sai kin duba, kina iya toshe mai zagi ba tare da kin tanka masa ba.

Tsoronki yana da amfani a wuri ɗaya, ki riƙe shi a nan. Kafin ki ɗora, ki kalli abin da ke bayanki: lambar gida, lambar mota, takarda mai adireshi, rigar makarantar yara. Kada ki ɗauki kowa ba da saninsa ba, balle 'ya'yan mutane. Ki sa wa asusunki tabbaci mai mataki biyu tun yau, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarki kafin a shiga. Kuma in tashar ta fara girma aka turo miki saƙo wai wani kamfani zai ba ki talla, ki sauke wannan fayil ki ga yarjejeniya, kada ki buɗe. Da wannan dabara aka ƙwace babbar tashar Linus Tech Tips a watan Maris na 2023, su da suke masana kwamfuta. In kin ɗora na farkon, ki rubuto mini yadda kika ji.